KO YA KAMATA A BA YARO KIFIFIYA YA YI KIWO?

A ce ranar kasuwa ce, ka tafi bakin kogi tare da ɗanka mai shekara bakwai domin ku sayo kifi. Ga wani masunci ya ajiye daro a gabansa, a ciki kuwa akwai 'yar kififiya wadda ta faɗa masa a taru, girmanta bai wuce tafin hannun yaron ba. Tana leƙo da ɗan hancinta bisa ruwa, tana ta kallon mutane. Yaro ya tsuguna, ya ƙi tashi. Sai ya ce, "Baba, don Allah ka saya mini. Ni zan riƙa ba ta abinci, ba zan bari ta mutu ba." Kuɗin kaɗan ne, masunci kuma yana so ya rabu da ita. To, me za ka ce masa?

Iyaye da yawa a Amurka da Turai da ƙasashen Asiya sun sha jin irin wannan roƙo, gama a can an daɗe ana ajiye kunkuran ruwa cikin akwatin gilashi a ɗaka, domin sha'awa kaɗai. Yau yaranmu suna ganin hotunansu a waya, kififiya kuwa ba baƙuwa ba ce a kogunanmu. Sabo da haka gara mu shirya amsa tun ba a tambaye mu ba. Maganar ta shafi abu uku: lafiyar yaron, da hakkin dabbar, da irin halin da yaron zai koya daga abin da ubansa ya yi. Amma ba a yanke shari'a a kan wanda ba a sani ba. Bari mu fara sanin ita kififiyar tukuna.

Wace Irin Dabba Ce?

Kififiya dangin kunkuru ce, amma zaman ruwa ta ke yi. Kunkurun tudu yana da ƙoƙon baya mai tauri. Ita kuwa fata ce mai santsi ta rufe bayanta, gefensa yana lanƙwasuwa kamar jemammiyar fata. Jikinta shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Tana da dogon wuya, da hanci kamar ɗan bututu, da farata uku a kowace ƙafa, da fata tsakanin yatsunta irin ta agwagwa.

Masana sun ƙidaya wajen iri 30 a cikin Afirka da Asiya da Amurka ta Arewa. Babbar da ke cikin namu ita ce wadda a ke samu a kogin Nilu da kogin Kwara, har can bakin tekun ƙasar Turkiyya. Tsawon bayanta ya kan kai ƙafa 3, nauyinta kilo 40 ko fiye. Akwai kuma wata ƙarama daga Senegal har Sudan, mai wasu 'yan marufai na fata da ta ke rufe ƙafafunta na baya da su. Ita ce ke binne kanta cikin laka in tabki ya ƙafe da rani, ta jira damina. Waɗanda aka fi sayarwa domin ajiya a gida su ne na Amurka da ta ƙasar Sin. Ta jihar Fulorida, sa'ad da ta fito daga ƙwai, ba ta wuce inci 1 da rabi ba, amma macen in ta girma ta kan kai ƙafa 2. A yawancin irinsu mace ta fi namiji girma nesa, kuma da wuya mai saye ya rarrabe su tun suna ƙanana.

Halinta shi ne ta binne kanta cikin yashi inda ruwa ba zurfi, ta bar idanu da hanci kaɗai a waje. In kifi ko ƙaguwa ko kwaɗo ya gitta, sai ta miƙa wuya farat ɗaya ta cafke. Tana da huhu kamar sauran dabbobi, amma tana kuma iya jan iska daga cikin ruwa ta fatar maƙogwaronta da ta jikinta, shi ya sa ta kan daɗe ba ta ɗago ba. A cikin shekara ta 2012 waɗansu masana a Singafo suka gano cewa ta ƙasar Sin ta baki ta ke fitar da yawancin dattin da sauran dabbobi ke fitarwa cikin fitsari, watau ta kan tsoma kai a ruwa ta kurkure. Duk wannan yana nuna mana abu guda: ran kififiya a haɗe ya ke da ruwan da ta ke ciki. In ruwan ya ɓaci, ita ma ta ɓaci.

Abin Da Ta Ke Bukata

Masu kiwon kunkuran ruwa a Amurka suna da wani lissafi da su ke bi, watau galan 10 na ruwa domin kowane inci na tsawon bayan dabbar. Kififiya mai inci 12 ke nan tana bukatar galan 120, wajen garwa 25. Ruwan nan kuwa ba a zuba shi sau ɗaya a manta ba. Mai cin nama ce, tana ɓata ruwa da sauri, sai da na'urar tacewa mai aiki dare da rana, da canjin wani kashi na ruwan kowane mako. Ka tuna da yadda a ke samun ruwa a unguwarku cikin watan Afrilu, ka tuna da yadda wutar lantarki ta ke, sa'an nan ka yi lissafi.

Tana bukatar yashi mai laushi a ƙasa, mai zurfin da za ta binne kanta. In aka sa ta bisa siminti ko tsakuwa, fatar cikinta da ta bayanta su kan ƙuje. Ƙujewar nan in ta haɗu da ruwa mai datti ta kan zama gyambo, gyambon ya ci ciki, ya kashe ta. Tana bukatar wurin da za ta hau ta sha hantsi, gama in babu hasken rana ƙasusuwanta ba za su yi ƙarfi ba. Waɗanda ke ajiye ta a ɗaka sai sun sayi wata fitila ta musamman a madadin rana. Abincinta kifi ne, da tana, da ƙwari, da katantanwa. Tuwo da ƙanzo ba su yi mata kome. Ba ta son tarayya, in aka haɗa biyu wuri ɗaya su kan ciji juna. Ba ta son a taɓa ta ko kaɗan.

A ƙarshe ga tsawon rai. Masana sun ce babbar mace ta irin na Amurka tana iya kai shekara 50. Ko mun raba wannan biyu, yaron da ya karɓe ta yana da shekara bakwai zai gama makaranta, ya yi aure, ya haifu, tana nan tana jiran abinci. Kallon kitse yaro ke yi wa rogo: ya ga abu ƙarami mai kyau a daro, bai ga garwa 25 da shekara 25 ba.

Hatsari Ga Yaro

Hatsarin iri biyu ne. Na fari cizo. Da ya ke ba ta da ƙoƙo mai tauri da za ta ɓuya a ciki, bakinta da faratanta su ne makamanta. Ba ta da haƙora, amma gefen muƙamuƙinta yana da kaifi, a ɓoye ƙarƙashin leɓɓa masu taushi. Wuyanta kuma yana juyowa baya har ya kai hannun wanda ya riƙe ta a gefe. Kowane masunci ya san wannan. Babbar kififiya tana iya yi wa yatsan yaro mummunan rauni. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. A wurinta duk abin da ya ɗauke ta sama mai neman cinye ta ne.

Na biyu ya fi muni domin ba a ganinsa. Kunkuru da kififiya da ƙadangare da danginsu su kan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanjinsu, sunanta salmonela, ba tare da ta dame su ba. Tana fita cikin kashinsu, ta bazu cikin ruwa, ta hau fatarsu da daro da hannun duk wanda ya taɓa. In ta shiga cikin mutum ta kan kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, daga sa'a 6 zuwa kwana 6 bayan ta shiga. Babban mutum mai ƙarfi ya kan warke cikin mako guda. Amma ga jariri da tsoho da mai raunin jiki, ta kan shiga jini, har ta kai ga mutuwa.

Mutanen Amurka sun koyi wannan da wahala. A farkon shekarun 1970 likitocinsu suka ƙiyasta mutum wajen 280,000 ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara ta wurin ƙananan kunkuran ruwa na gida, yawancinsu yara. Sabo da haka a cikin shekara ta 1975 Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar ta hana sayar da kowane kunkuru wanda tsawon bayansa bai kai inci 4 ba. Dalilin inci 4 kuwa shi ne, wanda bai kai haka ba yaro ya kan ɗauke shi kamar abin wasa, har ya sa a baki. An ƙiyasta dokar tana kare yara wajen 100,000 kowace shekara. Duk da haka masu sayarwa a ɓoye ba su daina ba. A cikin shekara ta 2007 wata jaririya a Fulorida, wadda ba ta wuce wata guda ba, ta rasu, aka kuwa sami irin ƙwayar da ta kashe ta a wurin ɗan ƙaramin kunkurun ruwa da ke gidan. Jaririya ba ta iya wasa da kunkuru ba. Hannun manya ne ya kai mata. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka tana gargaɗi kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da akwai yaro ƙasa da shekara 5, ko tsoho mai shekara 65 zuwa sama.

In haka ya faru a inda famfo ke kowane ɗaki, asibiti kuma yana kusa, yaya gidajenmu, inda a kan ci da hannu daga akushi ɗaya, mai rarrafe yana yawo a tsakar gida, daron da aka wanke dabba a ciki kuma gobe a wanke kwanuka a cikinsa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

So Iri Biyu Ne

Amma a ce an yi maganin cizo da cuta duka. A ce yaron ya yi wayo, yana wanke hannu, babu jariri a gidan. Shi ke nan sai a saya? A nan ne ainihin tambayar ta ke.

Sa'ad da yaro ya ce, "Ina son kififiyan nan," gaskiya ya faɗa. Amma kalman nan "so" tana ɗauke da abu biyu. Akwai son da ke cewa, "Ina so abin nan ya zama nawa." Akwai kuma son da ke cewa, "Ina so abin nan ya zauna lafiya." Na farin kowane yaro da shi a ke haifarsa. Na biyun koyonsa a ke yi, waɗansu kuwa har su tsufa ba su koya ba. Muna ganinsu: mai gidan da ke cewa yana son matarsa amma bai taɓa tambayar abin da ke damunta ba, da uban da ke son ɗansa ya zama abin da shi ya ga dama kaɗai. Wurin da a ke fara koyon bambancin nan sau da yawa shi ne wurin 'yar dabbar da aka fara danƙa wa yaro.

Ga akuya ko tantabara ko zomo, so biyun nan suna iya tafiya tare. Akuya ta yi shekara wajen 10,000 tana zaune da 'yan adam, jikinta da halinta sun saba da gida. Abin da ta ke bukata, watau harawa da dusa da ruwa da inuwa, yana cikin ikon yaro. In ya manta da ita, za ta yi kuka har a ji. In ya kula da ita, za ta san shi, ta bi shi. Kiwonta alheri ne ga su biyun.

Ga kififiya kuwa so biyun nan rabuwa su ke yi. Abin da yaro ke so shi ne ya ɗauke ta, ya shafa ta, ya nuna wa abokansa. Abin da ita ke bukata shi ne ta ɓuya cikin yashi kada kowa ya gan ta. Duk sa'ad da ya sami abin da ya ke so, ita ta rasa nata. In kuwa ta sami nata, ba abin da zai gani sai yashi da ɗan hanci, bayan mako biyu ya gaji. Son maso wani ke nan, ƙoshin wahala.

Ga kuma maganar alkawari. Yaron ya ce, "Ba zan bari ta mutu ba," da zuciya ɗaya kuwa ya faɗa. Amma mai shekara bakwai ba shi da ikon ɗaukar alkawarin shekara 25, kamar yadda ba a ba shi rance ko a sa shi shaidar ciniki. Uban da ya karɓi wannan alkawari ya san ba za a cika ba. In dabbar ta mutu, ɗaya daga cikin biyu zai faru. Ko yaron ya ɗauki laifin a kansa, alhali ba nasa ba ne, ko kuwa ya ga an jefar da gawar a juji ba wanda ya damu, ya koyi cewa rai abu ne da a ke saye da canji a yar in an gaji. Duka biyun ba darasin da uba zai so ya koya wa ɗansa ba ne.

Abin Da Masu Cewa A Saya Za Su Faɗa

Ba daidai ba ne mu ɓoye hujjojin ɗaya gefen, gama suna da nauyi.

Wani zai ce, "Ta wurin kiwo ne yaro ke koyon riƙon amana da sanin halitta. Masana dabbobi da yawa daga irin wannan suka fara." Gaskiya ne. Amma amanar da ke koyarwa ita ce wadda ta yi daidai da ƙarfin mai ɗauka. Ba a koya wa yaro dako da buhun gero. Ka ba shi abin da zai iya, ya ga amfanin hannunsa, gobe ya ɗauki wanda ya fi. Sanin halitta kuma, wanda ya zauna shiru a bakin tabki ya ga kififiya tana shan hantsi, ya ga yadda ta ke zamewa cikin ruwa da ta ji motsi, ya fi sanin ta da wanda ke kallon mai ciwo a daro.

Wani kuma zai ce, "Ai dabba ce kawai, ba ta ma kuka. Wa ya ce tana jin wani abu?" Likitocin dabbobi sun tabbata kunkuru da danginsa suna jin zafi, har su kan ba su maganin rage zafi in za su yi musu aiki. Rashin kukanta ne ma ya sa nauyin ya ƙaru a kanmu. Jikin irin waɗannan dabbobi a hankali ya ke aiki, sabo da haka ciwonsu a hankali ya ke ci. Kififiya tana iya yin watanni tana lalacewa, mai ita yana cewa lafiyarta ƙalau. Kyautata wa wanda zai iya kai ƙara ba wuya. Inda a ke gane halin mutum shi ne yadda ya ke yi da wanda ba shi da bakin faɗa.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi. "In ban saya ba, masunci zai sayar wa mai miya. Ashe daro bai fi tukunya ba?" Ba mu zargin masunci, sana'arsa ce, iyalinsa kuma da ita su ke ci. A ƙasar Sin ma ana kiwon kififiya miliyoyi a tafkunan gona kowace shekara domin abinci. Amma ka duba abu biyu. Na ɗaya, wanda ya yanka domin yunwa ya gama nan take, da dalili kuma. Wanda ya ajiye domin wasa ya bar ta ta ruɓe a hankali ya ja wahalarta wata da watanni, ba kuwa wanda ya ƙoshi. Na biyu, kuɗinka magana ya ke yi. 'Yar ƙaramar da ba ta isa miya ba, dā masunci zai iya mai da ita ruwa. In ya ga ana saye, gobe zai nemo goma. Ka ceci ɗaya, ka jawo wa tara.

Su kuwa ba su da yawa kamar dā. A cikin shekara ta 2016, a wani babban taro a Afirka ta Kudu, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke lura da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka sa dukan irin kififiya na Afirka cikin jerin waɗanda ba a fitar da su ƙetare sai da takardar izini. Nijeriya da Nijar suna cikin yarjejeniyan nan. A 2022, a Panama, aka yi wa na Amurka haka. Akwai wata babbar iri wadda dā a ke samu daga Gana da Nijeriya har Sudan. Aka yi shekaru da yawa masana ba su gan ta ba, sai a 2017 aka same ta a Farin Nilu, cikin Sudan ta Kudu. Dabbar da ke yin shekaru kafin ta fara ƙwai ba ta jure a riƙa kwashe 'ya'yanta.

Yadda Za A Amsa Wa Yaro

Amsarmu ke nan: kififiya ba ta dace da yaro ba. Babban mutum mai wuri da ruwa da sani da haƙuri, wanda ya san abin da ya ɗauka, wannan wata magana ce dabam, ko da ya ke su ma irinsu kaɗan ne. Amma yadda a ke ƙi yana da muhimmanci kamar ƙin kansa. In ka daka masa tsawa ka ja hannunsa, abin da zai koya shi ne sha'awar halitta laifi ce. Sha'awar nan kuwa abu ne mai kyau, kada a kashe ta.

Ka tsuguna tare da shi. Ka nuna masa hancin, da faratan uku, da taushin bayan. Ka roƙi masunci ya ba ku labarin inda ta ke kwana da abin da ta ke ci, gama ya san abin da ba ya cikin littafi. Sa'an nan ka tambaye shi, "Ɗana, a gidanmu ina yashin da za ta ɓuya? Ina kogin da za ta yi iyo?" Yara sun fi gane wannan fiye da yadda mu ke zato. In zai yi kuka, bari ya yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma kada ka bar shi hannu wofi. Ka ba shi tantabaru biyu, ko zomo, ko 'yar akuya, ka ce nasa ne, ka kuma riƙa dubawa kowace yamma ko ya ba su ruwa. Da rani kuma ka kai shi bakin tabki da hantsi ku zauna shiru.

In Ta Riga Ta Shigo Gida

Wataƙila wani mai karatu zai ce, "Ai tawa tana nan a baho tun makon jiya." In daga koginku aka kamo ta kwanan nan, kuma lafiyarta ƙalau, ka mai da ita daidai wurin da aka same ta, ka tafi da yaron ya sake ta da hannunsa. In kuwa baƙuwa ce da aka kawo daga wata ƙasa, kada ka sake ta cikin ruwanmu ko kaɗan, gama tana iya kawo cuta ko ta kori na gida. A Ingila, bayan wani fim na yara ya yi tashe a 1990, aka sayi 'yan kunkuran ruwa na Amurka da yawa, da suka girma aka zubar da su a tafkuna. A 1997 Tarayyar Turai ta hana shigo da wannan iri. Sai ka nemi shawarar likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji.

Muddin tana hannunka, nauyinta a kanka ya ke, kai babba. Ka ware mata mazubi da ba a yin wani aiki da shi. Kada a zubar da ruwanta kusa da madafa ko rijiya. Duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu nan da nan. Kada ƙananan yara su kusance ta. In wani a gidan ya kamu da zawo da zazzaɓi, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita akwai irin wannan dabba a gida.

'Yan'uwa iyaye, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya koyi tambayar "Me dabban nan ke bukata?" kafin ya ce "Tawa ce," shi ne gobe zai yi wa matarsa da 'ya'yansa da barorinsa wannan tambaya. Ranar da ɗanka ya tsuguna gaban daron masunci, ka sani ba kififiya kaɗai ya ke kallo ba, yana kuma duban abin da za ka yi.